Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar GoHealth: katin da ya biya kuɗin awo ya ɗauki nauyin damuwar mai ciki da mai jego

Zuwa ga Shugaban Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Gombe, GoHealth, da mambobin majalisar gudanarwarta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ni ungozoma ce da ta yi ritaya. Ƙuruciyata a tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa na ƙananan asibitocin jihar nan ta ƙare. Roƙo ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami: ku sanya ciwon damuwa da sauran lalurorin ƙwaƙwalwa na mai ciki da mai jego a cikin abin da katinku na inshorar lafiya yake biya, ku rubuta shi da sunansa ɓaro-ɓaro, ku ware masa kuɗinsa, kuma ya bi mace tun daga ranar da ta fara awo har ɗanta ya cika shekara. Na zaɓi in faɗa a bainar jama'a ne domin matan da abin ya shafa su ne na ƙarshen da za su buɗe baki su nema.

Ba na raina abin da aka yi. Na ga lokacin da mace za ta kwana tana naƙuda a gida saboda maigida bai haɗa kuɗin safar hannu da ruwan ƙari ba. Yau akwai matar da za ta miƙa kati a karɓe ta. An gyara asibiti guda a kowace gunduma daga cikin gundumomi 114 na ƙananan hukumominmu 11, an kafa hukumarku a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, ma'aikaci da ɗan kasuwa da marar galihu kowa an buɗe masa ƙofa. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ma nake ganin ku ne kuke da ikon ƙarasa aikin.

Bari in faɗi irin ciwon da nake nufi, don sau da yawa ana cakuɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Akwai 'yar ƙuncin da ke zuwa wa yawancin masu jego kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa: kuka ba dalili, saurin fushi, rashin sukuni. Wannan kan wuce da kansa kafin sati biyu, lallashi da barci kawai yake so. Na biyu shi ne ciwon damuwa na sosai, wanda kan fara tun da cikin ko kuma a watannin bayan haihuwa. Mace ta daina jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace mata ko da jariri yana barci, tana ganin kanta a matsayin uwar banza, wani lokaci har ta ji gara ta mutu kowa ya huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duniya kusan kashi 10 cikin ɗari na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da lalurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya haura zuwa kashi 15.6 lokacin ciki da 19.8 bayan haihuwa. Wato kusan mace ɗaya cikin biyar. Ku tuna layin awo na ranar Litinin a Pantami ko Kumo ko Bajoga, ku ƙirga benci ɗaya kawai.

Na ukun ya fi ƙaranci amma ya fi gaggawa. Mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a sati biyun farko, hankalinta kan gushe gaba ɗaya: ta kwana ba ta runtsa ba, tana surutai, tana jin muryoyi, tana cewa ɗan ba nata ba ne ko wani zai sace shi. Wannan da jijjiga da zubar jini matsayinsu ɗaya a wurina, domin rai biyu ne a kan siraɗi. Kuma abin da mutane ba su sani ba, yana warkewa idan an kai ta asibiti da wuri.

A ɗakin awo babu matar da za ta zauna ta ce miki, “Sista, ina cikin baƙin ciki.” Abin da za ki ji shi ne: kaina yana zafi, zuciyata tana bugawa, jikina ba ƙwari, wani abu yana min yawo a jiki, nono ya ƙi zuwa. Sai a tura ta gwajin maleriya. Ta dawo bayan sati biyu da kuka iri ɗaya, a ce taifod ne, a rubuta mata kafso. Ta sake dawowa a ba ta maganin ƙarin jini. Ina roƙonku ku dubi wannan da idon masu lissafi, tunda lissafi aikinku ne. Duk waɗannan gwaje-gwajen da magungunan asusunku ne yake biya, matar kuma tana nan yadda take. Ga jaririn da uwarsa ba ta da kuzarin shayar da shi yadda ya kamata, ba ta kai shi rigakafi a kan lokaci, gobe a kawo shi da gudawa ko tamowa a kwantar da shi. Kuɗin wannan ciwo kun riga kuna biyansa, sai dai kuna biya ta hanyar da ba ta warkar da kowa.

A gida ma abin ɓoyuwa yake yi, kuma kyawawan al'adunmu ne suke rufe shi ba da gangan ba. Yarinya ta haifi ɗan fari, ba ta kallonsa, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata, ba ta yi masa wasa. Kakanni sai su ce masha Allah, yarinyar nan akwai kunya da kawaici. A gidajen Fulani da na Hausawa haka aka so a ga uwar ɗan fari, kuma ni ma a haka na tashi. To amma a cikin goma masu kunyar akwai ɗaya da ba kunya ba ce take damunta, zuciyarta ce ta bushe, ita kanta abin yana ba ta tsoro, ba ta da wanda za ta gaya wa cewa ba ta jin komai game da ɗan da ta haifa. Ranar suna gida ya cika, an yi mata lalle, an sha kunun kanwa, kowa yana barka. Wace mace ce za ta ce ba ta farin ciki a ranar da aka yanka mata rago? Za a ce ta yi wa Allah butulci.

Sannan arba'in ta cika. A daina wankan jego, tsohuwar da ta zo zaman jego ta ɗaure kayanta, wadda ta je wankan gida ta koma ɗakinta. Daidai lokacin da kowa ya watse, lokacin ne ciwon ya fi kama mace da yawa. A ƙauye ko ba komai akwai faccala da uwar miji a tsakar gida. A cikin gari, a gidajen haya na Tumfure ko bayan Nasarawo, maigida ya fita tun asuba neman abin sakawa a baka, ita kaɗai ce da jariri da bango huɗu har dare.

Idan abin ya yi tsanani kuma, kun san inda ake fara zuwa. A ce iska ce, ko sammu, ko kishiya ce ta yi mata asiri. A sayar da akuya, a sayar da 'yan kunnen aure, a yi ta yawo gidan masu magani. Ba na faɗa da addu'a, ni ma da ita na dogara, kuma na san malamai da fastoci masu tsoron Allah da kan ce wa miji, mun yi namu, ka kai ta asibiti. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Alƙur'ani kuma a Suratu Luƙman ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni. Abin da ke hana miji kai matarsa asibiti ba jahilci ne kaɗai ba. Yana tsoron kuɗi, yana tsoron a ce masa sai Maiduguri ko Kaduna, inda manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suke. Na taɓa ganin magidanci yana hawaye a bakin ɗakin haihuwa, ba don bai yarda matarsa ba ta da lafiya ba, sai don ya ƙirga kuɗin mota na mutum uku da na abinci da na gado ya ga ko rabi ba shi da shi. Ya ɗauke ta suka koma gida. Ban sake jin labarinsu ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Doka tana bayanku, ranku ya daɗe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ta kafa asusun BHCPF, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa ta hannun hukumomi irin taku yake isa ga talaka. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya, ta kuma lissafa masu ciki da masu lalurar ƙwaƙwalwa a cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma ce mai wannan lalura yana da haƙƙin magani da sirri da mutunci kamar kowane majinyaci. Matar da nake magana a kanta ta shiga rukuni biyu a lokaci guda: na masu ciki da na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Amma doka ba ta zuwa ɗakin awo da ƙafarta. Abin da ma'aikacin asibitin gunduma yake dubawa shi ne takardar da kuka aiko masa: me kati ya biya, me bai biya ba.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan alheri yake lalacewa ko ya tabbata. Yadda tsarin inshora yake tafiya, ƙaramin asibiti ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. Babban asibiti kuwa ana biyansa ne a kan aikin da ya yi, bayan an ba da lambar izinin tura majinyaci. To ku dubi ungozoma ɗaya da ke da mata cike da baranda, ga gwajin hawan jini, ga awon ciki, ga cike takardu, ga wata tana naƙuda a ciki. Sauraron mace mai damuwa yana cin minti ashirin ko talatin a ɗaki rufe. Idan kuka ce wannan ma yana cikin dunƙulallen kuɗin wata, to a takarda kawai zai zauna, domin ba wanda zai tambaye ta ko ta yi, ba kuma wanda zai ga bambanci idan ba ta yi ba. Ku ware masa ɗan kuɗinsa daban, komai ƙanƙantarsa: kaza a kan kowace mace da aka tantance, kaza a kan kowane zaman shawara da aka rubuta a kundi. Abin da ake biya a kansa shi ake ƙirgawa, daga ƙirgar nan ne kuma za ku fara sanin girman matsalar a Dukku da Nafada da Balanga da alƙalumanku na kanku, ba na wata ƙasa ba.

Tantancewar ba ta buƙatar na'ura. Akwai ma'aunin Edinbara, takarda mai tambayoyi goma ta gano damuwar mai jego, tun 1987 ake aiki da shi a duniya. Akwai ma wanda ya fi shi gajarta, tambaya biyu rak: a watan nan kin yawaita jin ƙunci ko ɗebe tsammani? Kin daina jin daɗin abubuwan da da kike jin daɗinsu? Sai dai a zauna da mata a daidaita lafazin da Hausar da suke ji, da Fulatanci da Tangale da Tera da Waja, domin tambayar da aka ɗauko daga littafi kai tsaye “lafiya lau” kawai za ta samo. Lokutan yi kuma ga su a shirye: ranar fara awo, watannin ƙarshe na ciki, sannan ranakun rigakafi na sati shida da goma da sha huɗu, da na ƙyanda a wata tara. Uwar tana zaune a gabanmu da jariri a cinya, muna auna nauyinsa muna ɗiga masa magani, ita ba mu ce mata ya jikinki ba.

Na san abin da za a ce: ina likitocin? Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne a kan mutum sama da miliyan 200, kuma kullum raguwa suke yi saboda fita waje. Amma yawancin matan nan ba sai sun ga babban likita ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da magance su. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu ciki masu damuwa suna tattaunawa bisa tsari. Bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Wannan tsari shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar littafin koyarwa a 2015. A nan gida ma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada irin wannan a ƙananan asibitocin Jihar Oyo ta hannun ma'aikatan awo, kuma mafi yawan matan sun samu sauƙi. Abin da aka yi a Oyo ba abin da zai hana a yi shi a Deba. Ku haɗa kai da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta jiha da likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, su horar, su riƙa duba aikin, ungozoma ta sami lambar da za ta kira idan abu ya fi ƙarfinta.

Magani kuma ya kasance a kan kanta a asibitin gunduma, ba a rubuta takarda a ce je ki kemis ba. Magungunan damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine ba su da tsada, sertraline kuwa likitoci sun fi natsuwa da shi ga mai shayarwa. Maganin damuwa ba na kwana biyar ba ne, yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin amfaninsa, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an ji sauƙi. Macen da aka ba na wata ɗaya kyauta aka ce ta sayi sauran, ta daina ke nan. Akwai kuma matan da dama suna shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya kafin su sami ciki. Wasu da sun ga wata ya wuce sai su watsar da magani don tsoro, ciwon ya dawo. Wasu kuma su ci gaba da irin su sodium valproate, wanda aka tabbatar yana iya nakasa ɗan tayi. Dukansu suna buƙatar ganin likita da wuri, kuma katin ne ya kamata ya kai su.

Wadda hankalinta ya gushe da tsakar dare kuwa, kada a tsayar da ita jiran lambar izini. A karɓe ta, a kwantar da ita, takarda ta biyo baya, kamar yadda za a yi wa mai zubar jini. Kuɗin motar kai ta ma a duba shi, domin daga Shongom ko Funakaye zuwa cikin Gombe ba nan kusa ba ne.

Batun shekara guda shi ne wanda ba na so a rage. Matar da aka shigar cikin tsarin marasa galihu saboda tana da ciki, kada haihuwa ko arba'in ta zama ranar da kariyarta ta ƙare. A Birtaniya, binciken da suke yi a kan mutuwar masu haihuwa ya nuna kashe kai yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe uwa tsakanin sati shida da shekara ɗaya bayan haihuwa. A Amurka inshorar talakawa ta Medicaid kwana 60 kawai take bin mai jego a da, sai dokar 2021 ta ba jihohi damar tsawaita shi zuwa wata 12, kuma kusan dukansu sun yi. Su da suke da likitoci da alƙaluma sun gano haɗarin yana can gaba da arba'in.

Kuma don Allah kada a ɗaure wannan haƙƙi a jikin jariri. Wadda ta yi ɓari, wadda ta haifi ɗa ba rai, wadda jaririnta ya koma kafin suna, ba ta da katin rigakafin da zai dawo da ita asibiti. An yi mata ta'aziyya, an ce ta yi haƙuri Allah zai ba ta wani, shi ke nan. Nono yana zuba, ba mai sha. Ita ta fi kowa shiga haɗari, ita ce kuma tsarinmu ya fi saurin mantawa da ita. Haka mai yoyon fitsari da miji ya guje ta, da yarinyar da aka aurar da ƙuruciya ta sha doguwar naƙuda, da matan Borno da Yobe da rikici ya koro suka zauna a cikinmu, waɗanda suka ga abin da baki ba ya iya faɗa kuma suna haihuwa a asibitocinmu.

Sai sirri. Gombe gari ne da kowa ya san kowa. Mai cike takardar neman biyan kuɗi wataƙila maƙwabcin mijin ne, ko ƙanin kishiyar. Idan kalmar taɓin hankali ta fita daga fayil ta shiga unguwa, aure na iya mutuwa, a ƙwace mata ɗa, a riƙa yi wa 'ya'yanta gori har ranar aurensu. Mace ta san wannan sarai, shi ya sa za ta zaɓi ciwon a kan tonon asiri. Ku sa a riƙa amfani da lamba a takardun biyan kuɗi maimakon sunan ciwo, ku taƙaita masu ganin fayil, wanda ya fitar da magana kuma a hukunta shi yadda saura za su ji.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a wannan maganar sai an shigo da maza, domin da izinin miji take fita, shi ne kuma yake ganinta da dare lokacin da ba ta iya ɓoyewa. Idan kun amince da wannan roƙo, ku sanar da shi a gidajen rediyo da harsunan jihar nan, ku kai wa limaman Juma'a da shugabannin coci da masu unguwanni da ungozomomin gargajiya, a faɗa da kalmomi masu sauƙi: idan matarka ta haihu ta daina barci, ta daina ci, tana yawan kuka ko tana maganar mutuwa, ka kawo ta asibitin gunduma, katinta ya biya.

Ina roƙon ku sa wannan batu a zamanku na gaba na duba jerin abubuwan da kati yake ɗauka, ku gayyato ungozomomin da ke bakin aiki da likitocin ƙwaƙwalwa su zauna da masu lissafinku a fitar da abin da zai ci. Idan kuɗin bai isa a fara a ko'ina lokaci guda ba, a fara da ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyya ta sanata, a yi shekara ana ƙirgawa, a buga sakamakon kowa ya gani. Amsarku kuma muna so mu ji ta a fili, kamar yadda na yi tambayar a fili.

Wassalam.

Taku,
Wata tsohuwar ungozoma,
Gombe.